Idan mota ta buge mai tafiya a ƙasa: Haƙƙoƙin da ake bari a bakin kwalta

Duk wanda ya saba bin hanyar Nyanya zuwa Mararaba da sassafe, ko ta Kubwa, ko ta filin jirgin sama ta gefen Lugbe, ya san yadda ma'aikata da 'yan makaranta da masu talla ke cirko-cirko a bakin titi suna auna gudun motoci da ido kafin su ruga su tsallaka. Akasarinsu suna tsallakewa lafiya. Wanda tsautsayi ya rutsa da shi kuwa, daga wannan lokaci ya shiga doguwar ɗawainiya: kuɗin asibiti, watanni babu sana'a, wani lokaci nakasa ta har abada, ga kuma iyali a gida suna jiran abin da ya fita nema.

Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, sun nuna cewa mutum 5,081 ne suka rasu a haɗurran mota a Najeriya a shekarar 2023, adadin ya ƙaru zuwa 5,421 a 2024. Waɗannan su ne haɗurran da labarinsu ya kai ga hukumar. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titunan duniya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, waɗanda babu ƙarfen da ke kare jikinsu.

Abin da ya fi faruwa bayan haɗari sananne ne. Direba ko maigidansa zai biya kuɗin maganin kwana biyu ko uku, dattawa su shiga tsakani, a je caji ofis a rubuta takarda cewa an yafe, a yi addu'ar Allah Ya kiyaye gaba. Bayan wata uku, likita ya ce ƙashin bai haɗe ba sai an yi aiki an sa ƙarfe. A lokacin lambar direban ta daina shiga, motar an daɗe da sakinta, dangi kuma sun fara sayar da kadara.

Dokokin Najeriya sun tanadi hanyoyi da dama da wanda aka buge zai bi ya karɓi haƙƙinsa. Matsalar ita ce kowace hanya tana da sharuɗɗa da wa'adi, kuma yawancin abin da ke lalata ƙara yana faruwa ne a makon farko, kafin lauya ya ji labari.

Asibiti ba shi da ikon korar wanda aka kawo

Haƙƙi na farko shi ne na magani. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya, na gwamnati ko mai zaman kansa, ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili. Wanda ya saɓa yana fuskantar tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. A jerin laifuffukan da FRSC ke hukuntawa ma akwai ƙin karɓar wanda haɗari ya rutsa da shi, da tarar Naira 50,000.

Don haka cewa sai an kawo rahoton 'yan sanda ko sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa majinyaci ba shi da gurbi a doka. Wanda ya yi taimako ya kai mutum asibiti shi ma bai zama mai laifi ba saboda taimakon da ya yi.

Dokar ta 2014 ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin jinyar gaggawa. A kan wannan aka kafa shirin agajin gaggawa da motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa, NEMSAS, wanda aka fara a Abuja a 2022, kuma yana ɗaukar nauyin sa'o'i 48 na farko a asibitocin da ke cikin shirin. Lambar kiran FRSC kyauta ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa baki ɗaya kuma 112.

Akwai abin lura ga iyalan da ke ɗauke majinyaci daga asibiti su kai shi wurin mai ɗori. Ko da ɗorin ya yi kyau, kotu da kamfanin inshora da rahoton likita da hoton ƙashi suke aiki. Idan babu su, tabbatar da girman raunin zai yi wuya, kuma lauyan direba zai iya cewa hannun mai ɗori ne ya jawo nakasar.

Hujja tun daga bakin titi

Shari'a saɓanin hankali ce, in ji Hausawa, domin alƙali bai ga haɗarin ba, abin da aka kawo gabansa kawai zai duba. Abu mafi muhimmanci shi ne lambar motar. Da ita ake gano mai motar da kamfanin inshorarta. Sai hotunan wurin kafin a janye motar: inda ta tsaya, sawun birki a kwalta, danja ko zanen tsallaka titi idan akwai, da inda wanda aka buge ya faɗi.

Sai shaidu. Mai shayi, mai faci, ɗan acaɓa ko mai shago da abin ya faru a gabansa, sunansa da lambar wayarsa sun fi dogon bayani amfani. Gidajen mai da bankuna da manyan shaguna da yawa suna da kyamarar tsaro, amma na'urorin sukan goge tsohon hoto bayan ɗan lokaci, don haka a kwanakin farko ake neman a adana shi. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda da hoto da bidiyon waya a kotu, da sharaɗin a haɗa da takardar da ke bayyana na'urar da aka ɗauka da ita da kuma ingancinta.

Dole a kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa. Sashen kula da zirga-zirga ne ke zana taswirar wurin haɗari, ya ɗauki jawabin direba da na shaidu, jami'an duba lafiyar motoci da aka fi sani da VIO kuma su gwada birki da tayoyi da fitilu su rubuta rahoto. Iyalan majinyaci suna da damar neman kwafin rahoton 'yan sanda a rubuce.

A nan ne ɗaukar doka a hannu ke cutar wanda aka ce ana tausayawa. Idan jama'a suka ƙone motar ko suka lakaɗa wa direba duka, sun lalata shaida, sun ba direban hujjar cewa tsoro ne ya sa ya gudu, sannan sun jawo wa kansu tuhuma.

Daga ranar farko a tanadi jaka guda domin takardu. Kowane rasit na magani, na gwaji, na jini, na kuɗin mota zuwa asibiti, na sandar dogarawa ko keken guragu, a adana shi.

Shari'a biyu ce, kowace da manufarta

Jama'a da yawa suna ɗauka cewa da zarar 'yan sanda sun gurfanar da direba, magana ta ƙare. Alhali shari'a iri biyu ce ke tasowa daga haɗari guda.

Ta farko ita ce ta laifi, wadda hukuma ke yi da direba. Dokar Manyan Hanyoyin Tarayya da Dokar FRSC ta 2007 duk sun tanadi ɗaurin da ya kai shekara 7 ga wanda ya kashe mutum ta hanyar tuƙin ganganci. A Abuja da jihohin Arewa, kundin Penal Code ya sanya kisan da ya auku ta ganganci ko sakaci a cikin kisan da hukuncinsa bai kai na kisa ba. A wannan shari'a wanda aka buge shaida ne kawai, kuma tarar da aka ci direba aljihun gwamnati take shiga.

Duk da haka akwai ƙofar samun diyya a cikinta. Sashe na 78 na Penal Code ya ba kotu ikon umartar wanda aka samu da laifi ya biya wanda ya cutar. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015, a sassa na 314 da 319, ta ƙarfafa wannan iko, jihohi kuma sun yi nasu dokokin a kan tsarinta. Sai dai alƙali ba zai ƙirƙiro adadi da kansa ba. Wajibi ne a miƙa wa mai gabatar da ƙara rasit da rahoton likita, a roƙe shi ya nemi diyyar a gaban kotu.

Ta biyu ita ce ƙarar neman diyya, wadda majinyaci ko iyalansa ke shigarwa da kansu, galibi a Babbar Kotun Jiha ko ta Babban Birnin Tarayya idan kuɗin da ake nema yana da yawa. Ba sai an jira an gama ta farko ba, kuma ko an sallami direba a shari'ar laifi ana iya cin nasara a ta diyya. Dalili kuwa shi ne ma'aunin ya bambanta: a shari'ar laifi sai an kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana, a ta diyya kuwa ya isa a nuna cewa bayanin mai ƙara ya rinjayi na wanda ake ƙara.

Abin da alƙali ke son a tabbatar masa

Ƙarar diyya a kan sakaci take tsayawa. Mai ƙara zai nuna cewa direban yana da nauyin kula da sauran masu amfani da hanya, wanda doka ta ɗora wa duk mai riƙe da sitiyari. Cewa ya gaza sauke wannan nauyi. Kuma gazawar ce ta jawo raunin. Gudun wuce kima, bin hannun da ba nasa ba, keta danja, amsa waya, tuƙi cikin maye ko fita da motar da birkinta ba ya ci, duk misalai ne na sakaci. Iyakar gudu a cikin gari kilomita 50 ce a sa'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda aka buge yana ninkawa sau huɗu da rabi idan gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65.

Wani lokaci yanayin haɗarin kansa ya isa shaida. Motar da ta bar kwalta ta hau kan mai sayar da lemo a gefen hanya, direbanta ne zai yi wa kotu bayanin yadda hakan ta faru ba tare da sakacinsa ba.

Ba direba kaɗai ake ƙara ba. Idan yana bakin aikin wani ne lokacin da abin ya faru, kamar direban tirela ko tifa ko motar kamfani, maigidan nasa ma yana ɗaukar alhaki. Wannan yana da muhimmanci domin direba sau da yawa ba shi da abin biya. A kan babur ko A Daidaita Sahu da ake kawo wa mai shi balas, kotu takan duba irin yarjejeniyar da ke tsakaninsu kafin ta ɗora wa mai abin hawan nauyi.

Diyyar kanta kashi biyu ce. Akwai ta asarar da ake iya lissafawa, kamar kuɗin asibiti da albashi ko cinikin da aka rasa. Kotunan Najeriya suna da tsauri a kanta: sai an jera ta dalla-dalla a takardar ƙara an kuma tabbatar da kowane kwabo. Ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu da ba shi da takardar albashi zai iya kawo littafin cinikinsa, bayanan asusun banki, ko shaidar shugabannin ƙungiyar sana'arsa. Sai kuma wadda alƙali ke ƙiyastawa: raɗaɗin da aka sha, gaɓar da aka rasa, jin daɗin rayuwa da ya gushe, da raguwar ƙarfin neman abinci nan gaba. Birkila ɗan shekara 30 da aka yanke wa ƙafa ya rasa aikin shekaru masu yawa, kuma kotu tana sanya wannan a ma'auni.

Idan shi ma mai tafiyar yana da nasa laifin

Tambayar da ta fi hana mutane zuwa kotu ita ce: to ai a ƙarƙashin gadar masu tafiya a ƙasa ya tsallaka, ko waya yake amsawa. Wannan ba ya kashe ƙara. Abin da dokokin Najeriya suka tanada shi ne a raba laifin, a rage diyyar gwargwadon kason mai ƙara. Idan kotu ta ƙiyasta asarar a kan Naira miliyan 10, ta kuma ga cewa kashi 30 cikin 100 na laifin nasa ne, zai tashi da miliyan 7.

Direban ne kuma ke da nauyin kawo wannan hujja da tabbatar da ita. Game da ƙananan yara, kotu ba ta auna su da ma'aunin manya. Ana sa ran direba ya rage gudu a kusa da makaranta da kasuwa da duk inda yara ke kai-komo, ciki har da almajirai da 'yan talla da ke bin motoci a mahaɗar hanya. Yaro ba ya shigar da ƙara da kansa, mahaifinsa ko waliyyinsa ne ke tsaya masa.

Takardar inshorar da ake nuna wa 'yan sanda kawai

Tun daga dokar 1945, haramun ne a hau titi da mota a Najeriya ba tare da inshorar mutum na uku ba. Mutum na farko shi ne mai mota, na biyu kamfanin inshora, na uku kuwa duk wanda motar ta cutar, wato dai mai tafiya a ƙasa. Direbobi da yawa suna kallon takardar a matsayin abin wucewa shingen bincike, alhali domin wanda aka buge aka yi ta.

Daga ranar 1 ga Janairun 2023, Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin wannan inshora ga motar gida daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar biyan ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Manyan motocin dakon kaya suna biyan Naira 100,000, Keke Napep 5,000, babur 3,000. Iyakar miliyan 3 ɗin ta ɓarnar dukiya ce. Rauni a jiki da asarar rai ba a yanke musu wannan iyaka ba. Rundunar 'yan sanda ta fara tilasta mallakar inshorar a faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairun 2025, sannan a watan Agustan shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta tattara tsoffin dokokin wuri guda. Ga waɗanda ke ƙyamar inshorar da aka saba saboda dalilin addini, akwai kamfanonin takaful masu lasisi da ke ba da irin wannan kariya.

Babbar matsalar ita ce takardun bogi da ake sayarwa a harabar ofisoshin lasisi. Ana iya tantance inshorar kowace mota da lambarta a rumbun bayanan da Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Najeriya ke gudanarwa, ta shafin askniid.org ko ta danna *565*11# a waya.

Idan inshorar ta gaskiya ce, sai a rubuta wa kamfanin takardar neman biya, a haɗa da rahoton 'yan sanda da na likita da rasit. Idan za a je kotu, lauyoyi kan sanar da kamfanin a rubuce tun kafin shigar da ƙara, domin dokokin inshora sun daɗe da sharɗanta sanarwa cikin kwana 30 da fara shari'a kafin a tilasta wa kamfani biyan abin da kotu ta yanke. Kamfanin da ya yi ta jan ƙafa kuma ana kai ƙorafinsa sashen karɓar koke na NAICOM, ba tare da biyan ko sisi ba.

Idan motar ba ta da inshora, haƙƙin ƙarar direba da mai motar yana nan daram. Idan kuma direban ya gudu ba a gane shi ba, tun a Dokar Inshora ta 2003 an kafa asusu a ƙarƙashin NAICOM domin biyan waɗanda direbobi marasa inshora ko waɗanda ba a gano ba suka kashe ko suka nakasa, sabuwar dokar ta 2025 ma ta tanadi asusun diyya ga waɗanda haɗarin mota ya shafa. Rahoton 'yan sanda shi ne tushen duk wata buƙata da za a kai can.

Wa'adi: inda haƙƙi ke mutuwa shiru

Kowace ƙara tana da lokacin da za a shigar da ita. A Abuja da Legas, ƙarar rauni a jiki saboda sakaci shekara 3 gare ta. Sauran jihohi kowace da dokarta, don haka tambayar farko da za a yi wa lauya ita ce ranar da wa'adin zai cika. Idan ya wuce, kotu ba ta da hurumin sauraren ƙarar komai ƙarfin hujja. Zaman sulhu da alƙawarin "za mu duba" ba sa tsayar da wannan lissafi.

Abin ya fi tsanani idan motar gwamnati ce. Sashe na 2 na Dokar Kare Jami'an Gwamnati ya ba da wata 3 kacal a shigar da ƙarar jami'i ko hukuma kan abin da aka aikata a bakin aiki. Akwai 'yan keɓance-keɓance da kotuna suka amince da su, amma dogara da su kasada ce. Dokokin wasu hukumomi kuma suna buƙatar a ba su sanarwa a rubuce, galibi ta wata guda, kafin a kai su kotu, wanda ke ƙara matse lokacin. Ko bayan an yi nasara, sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce sai da amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati.

Mazauna Abuja suna da ƙarin wani yanayi, na motocin ofisoshin jakadanci. Jami'an diflomasiyya suna da rigar kariya a ƙarƙashin Yarjejeniyar Vienna ta 1961 da dokar Najeriya ta 1962, don haka hanyar da ta fi ɓullewa ita ce ta kamfanin inshorar motar da Ma'aikatar Harkokin Waje.

Idan an rasa rai

Dokokin haɗurran da suka jawo mutuwa sun ba iyalan mamaci, wato mata ko miji, 'ya'ya da iyaye, damar neman diyyar abin da suka rasa na ɗaukar nauyinsu. Kotu takan duba shekarun mamacin, abin da yake samu, da yawan waɗanda ke ci a ƙarƙashinsa. Takardar shaidar mutuwa daga asibiti tana da muhimmanci, kuma a karɓe ta kafin a ɗauki gawa, domin gaggawar jana'iza takan sa a manta.

A shari'ar Musulunci, irin wannan mutuwa galibi kisan kuskure ce. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 1993 a Brunei, ta tabbatar da cewa haɗurran mota suna ƙarƙashin hukunce-hukuncen jinaya. Cikakkiyar diyya a mazhabar Malikiyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, kimanin giram 4,250, ko dirhami 12,000 na azurfa. Gaɓoɓi ma suna da nasu ƙiyasin: hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya rabin diyya, yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. A kisan kuskure dangin mai laifi na wajen uba ne ke haɗuwa su biya cikin shekara 3, shi kuma yana da kaffarar azumin wata 2 a jere, wadda yafewar iyalan mamaci ba ta ɗauke masa. A jihohi 12 da suka dawo da shari'ar Musulunci a fannin laifuffuka tun daga Zamfara a 2000, kotunan shari'a suna sauraren irin waɗannan ƙararraki tsakanin Musulmi.

Akwai wani hukunci da ake yawan tsallakewa a zaman makoki. Diyya dukiyar magada ce, ana raba ta kamar gado. Baligi yana da ikon yafe kasonsa, kuma yafiya abin yabo ce. Amma kawu ko baffa ba shi da ikon yafe kason marayu ƙanana, domin aikin waliyyi kiyaye dukiyarsu ne. Sau da yawa wanda ya miƙe a gaban jama'a ya ce "mun yafe" ba shi ne zai ciyar da yaran ba.

Sulhu alheri ne, idan an yi shi da ido buɗe

Shari'a a kotu tana cin shekaru da kuɗi, don haka sulhu yakan fi zama maslaha. Babbar Kotun Abuja tana da zauren sasanci tun 2003, Legas tun 2002, Kano kuma tun 2009. Yarjejeniyar da aka cimma a can, idan alƙali ya sa mata hannu, ta zama hukuncin kotu da za a iya zartarwa a kan wanda ya saɓa. Takardar da aka rubuta a caji ofis ba ta da wannan ƙarfi, kuma karɓo bashi ko tilasta biyan diyya ba ya cikin aikin 'yan sanda.

Ƙa'idar da lauyoyi ke nanatawa ita ce kada a sa hannu a kan takardar da ta ce an karɓi kuɗi a matsayin biya na ƙarshe kafin likita ya faɗi matsayar raunin. Bugun kai da na ƙashin baya sukan ɓoye illarsu na makonni. Ana iya karɓar taimakon kuɗin magani daga direba, a rubuta cewa wani ɓangare ne na abin da za a lissafa daga baya. Wanda bai iya karatu ba kuma yana da haƙƙin a karanta masa takardar a fassara masa da harshen da yake ji kafin ya dangwala yatsa.

Wanda ba shi da kuɗin lauya

Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976 kuma take aiki da dokar 2011, tana da ofisoshi a jihohi da Abuja. Ƙarar diyyar haɗari tana cikin ayyukan da doka ta ɗora mata, kyauta, ga wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma Naira 70,000 a 2024. Rassan Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da cibiyoyin taimakon shari'a na tsangayoyin lauya a jami'o'i su ma suna karɓar irin waɗannan koke. Wasu lauyoyi kuma sukan yarda a biya su wani kaso idan an ci nasara, da sharaɗin a rubuta yarjejeniyar tun farko.

Ma'aikacin da aka buge a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida yana da ƙarin wata ƙofa. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗauki irin wannan haɗari a matsayin na bakin aiki, hukumar NSITF ce ke biya, kuma ba a buƙatar tabbatar da laifin kowa. Abin da ake buƙata shi ne a sanar da wurin aikin da wuri domin su kai rahoto.

Duk waɗannan hanyoyi suna komawa ne ga abin da iyali suka yi a kwanakin farko, lokacin da hankali ke kan gadon asibiti. Shi ya sa masana shari'a ke ba da shawarar a raba aiki tun ranar: wasu su zauna da majinyaci, mutum guda kuma a ɗora masa nauyin lambar mota, lambobin shaidu, rahoton 'yan sanda da jakar rasit, sannan ya ga lauya kafin mako ya zagayo.